Masa Uku a Maitama

Ranar da Musbahu ya fara ganin Fadima, motar ma'aikata ce ta tafi ta bar shi a tashar Nyanya da ke Abuja, kuma har gobe yana cewa bai taɓa yin latti mai albarka irin wannan ba.

Tana tsaye a rumfar masa tana zuba wa mutane miyar taushe. Mahaifiyarta, wadda duk tashar ke kira Umma, tana zaune gaban tanda, hayaƙi na cika mata ido.

"Ta nawa za a ba ka?" Fadima ta tambaye shi.

"Ta ɗari biyar."

Ta zuba, sannan ta ɗora guda ɗaya a sama. "Wannan gyara ce. Mai tabo ce, ba kowa ke so ba."

Ya duba. Tandar ƙasa ce Umma ke aiki da ita, gurbi ɗaya ya tsage tun shekarun baya, duk masar da ta fito daga nan sai ta fito da zane a gadon bayanta.

"Ni kuwa ita nake so," in ji Musbahu. "Daga yau ki riƙa ajiye min mai tabon."

Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, an gama da Musbahu, mutumin Ɗanja.

Musbahu yana tuƙa injin ɗaga kaya ne a wani sito a Idu. Daga Nyanya zuwa can tafiya ce ta ƙona rai, amma sai ga shi kullum yana da lokacin tsayawa a rumfa, ko da kuwa cincirindo ne. Akwai wani Friday da ke zuwa da asuba da kula babba ya kwashe masa mai yawa, yana cewa ta yaran ogansa ce. Ko a ranar da Friday ya share tire, Fadima sai ta ɓoye mai tabo guda a ƙarƙashin murfi.

Wata biyu a haka ya samu lambarta.

"Gyarata, kin tashi lafiya? Yau na kusa ɗaga oga maimakon buhu, duk saboda tunaninki."

"Ɗan Latti, ka rufa mana asiri ka riƙe aikinka. Na ajiye maka taka."

Daga ranar da ya tabbatar aurenta yake so, sai ya daina sayen masa. A garinsu namiji ba ya tauna a gaban uwar yarinyar da yake nema, ko ruwa ne sai ya juya baya. Kunyar nan ta kama shi tun kafin ya tura kowa. Zai zo ya durƙusa daga nesa ya gaida Umma, ƙanshi na dukan hancinsa, ya wuce wajen mai shayi ya ci burodi a tsaye. Fadima ta yi ta miƙa masa a leda yana ƙi, wai abin da ya fito daga hannun Umma kyauta ya fi ƙarfinsa. Wata bakwai yana wannan azumin da babu lada.

Shi dai bai san yadda Umma ta fassara abin ba.

Ana cikin haka Lukman ya shigo. Yana da shagon waya a Wuse da mota mai sanyi, kuma bai tsaya wasa ba, manyansa ya turo. Mahaifin Fadima ya rasu, don haka Baffanta na Zariya ya ce zai zo ƙarshen wata ya ji wanda Umma ta tsayar.

"Shekara ashirin ina shan hayaƙi a bakin titi," Umma ta ce wa 'yarta. "Ina so ki auri wanda zai kai ki inda manya ke cin abinci a zaune. Ba wanda ya ga albashi ya raina masata ba."

Fadima ta yi kuka, ta ɗauki waya. Sai dai rabin maganar ta rubuta, ta haɗiye rabin don kada ta ƙona masa zuciya.

"Ɗan Latti, Umma ta fi karkata ga Lukman. Ta ce wanda zai kai ni inda manya ke cin abinci take so. Ban san yadda zan yi ba."

Musbahu ya karanta a bakin sito, ya sake karantawa. Ba shi da mota, ba shi da shago, ba shi da wani babba a Abuja da zai shige masa gaba. Abu ɗaya ne a cikin saƙon da yake ganin zai iya.

"Gyarata, ki shirya ranar Lahadi bayan azahar. Ki gaya wa Umma Maitama za mu, unguwar manya."

Kuɗin da yake tarawa na akwatin lefe ya taɓa. Ya san wauta ce, amma wanda za a ƙwace wa mace nan da kwana goma ba ya tsayawa shawara da hankalinsa.

Wurin da abokan aikinsa suka kwatanta masa ya amsa sunansa daga waje. Gilashi tun daga ƙasa har sama, furanni, sanyi mai shiga ƙashi, ga wani kiɗa ƙasa-ƙasa. Wata ma'aikaciya mai suna Kindness ta zaunar da su, ta miƙo musu takardar abinci mai kauri.

Musbahu ya buɗe. Turanci ne, amma ba irin wanda ya sani ba. Idonsa ya sauka kan farashin ruwan roba, ya sake dubawa don ya tabbatar.

"Mu tashi," Fadima ta raɗa masa. "Wallahi na ƙoshi."

"Mun riga mun zauna, Gyarata. Ki bar ni in yi wannan ɗin ko sau ɗaya."

Ya nuna shinkafa da kaza da yatsa, ya nuna zoɓo. Can ƙasa ya ga wani abu da aka rubuta Arewa Heritage Platter, dubu goma sha huɗu. Ya ce a kawo shi ma, tunda dai na gida ne.

Sai da suka yi kusan awa guda suna kallon cokula. Da abincin ya iso, Musbahu ya ɗauka somin-taɓi ne. Faranti kamar faifai, a tsakiyarsa shinkafa cikin ludayi ɗaya an kife ta, an dasa mata ganye a ka. Ba gishiri, ba yaji. Kazar ta ƙone a waje, da ya yanka sai ga ja a jikin ƙashi. Zoɓon kuwa ƙanƙara ce zalla aka ɗiga mata launi.

Fadima ta yi ta turawa tana cewa, "Da daɗi fa." Wannan ƙaryar ta fi abincin yi masa ciwo. Ya ga tana tauna kaza ɗanya don kada ya ji kunya, shi kuma ba abin da zai iya yi a kai.

Sannan Kindness ta ajiye na ƙarshen. Masa ce guda uku a kan katako, an shafa miya cokali ɗaya a gefe kamar an goge hannu.

Musbahu ya ɗauki ɗaya ya gutsura. Gefenta ya bushe, cikinta da sanyi. Amma a ƙarƙashin sanyin akwai wani ɗan tsami da ƙanshin albasa da ya shafe wata bakwai yana mafarkinsu. Ya daina tauna.

"Fadima, wannan masar Umma ce."

"Haba dai. Masa ai masa ce."

"Ta Umma ce. Ko ido rufe na san ta."

Ta sa yatsa ta juya ta biyun. Ga zanen nan kwance a gadon bayanta, tabon tandar gidansu. Ta kai hannu ta rufe baki.

Musbahu ya yafito Kindness. "'Yar'uwa, don Allah wa ke yi muku wannan?"

Ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Oga, ni ban faɗa maka komai ba fa. Friday ne yana kawo daga Nyanya side. Chef ta saka a firij, in customer ya zo a ɗumama. Wannan ma ina ga na jiya ne."

"Ina manajanku?"

"Ba ya nan. Ko yana nan, oga, ba a mayar da abinci."

Takardar kuɗi ta zo da harajin da bai san da shi ba da ladan hidimar da bai gani ba. Ya biya. Ya ce a sa musu sauran masa biyun a roba, robar ma sai da aka caje shi. Suka fito rana na dukansu, cikinsu fayau, akwatin lefe ya tafi a faranti uku.

A motar Nyanya, bayan sun wuce shingen sojoji, Musbahu ya dube ta.

"Na so in fita kunyarki ne," ya ce. "Ga shi na rasa kuɗin, kuma zan rasa ki."

"Ni ban taɓa tambayarka Maitama ba, Ɗan Latti."

"Na sani. Umma ce ta tambaya, ni kuma iyakar ƙarfina ke nan."

Sun tarar da Umma a tsakar gida tana wanke shinkafar ƙullin gobe. Musbahu ya durƙusa a bakin ƙofa. Fadima ta ajiye robar a gabanta, ta ɗora takardar a kai.

"Ga abincin manya, Umma. Mun rage miki."

Umma ta goge hannu ta buɗe. Ta daɗe tana kallon zanen, ta shafa shi da babban yatsa. Fadima ta gaya mata komai, har da firij, har da farashi.

"Dubu goma sha huɗu," Umma ta maimaita a hankali. "Ni kuwa kullum sai Friday ya roƙi ragi."

"Ki daina sayar masa," in ji Fadima.

"In daina mu ci me? Shi ke kwashe rabin ƙullina. Na hana shi yau, gobe ya koma wajen wata." Ta gutsuri masar ta ɗanɗana, fuskarta ta canja. "Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ji yadda suka kashe ta. Mutum zai ci wannan ya ce haka masa take."

Hawaye ya taru a idonta, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a kunna wuta ba.

"Tabon kika gani kika gane?"

"Ba ni ba ce. Shi ya gane, tun kafin in juya ta. Gutsura ɗaya ya yi."

Umma ta ɗago ta dubi Musbahu, karo na farko a watanni. "Kai? Kai da ka daina cin masata tun da aljihunka ya yi nauyi?"

Musbahu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai yanzu ya ji rabin maganar da aka ɓoye masa.

"Umma, wallahi ba raini ba ne." Kansa na ƙasa. "Kullum da yunwarta nake wucewa. A garinmu ne ba a ci a gaban... in mutum yana neman..." Kalmar ta maƙale, ya kasa ƙarasawa.

Umma ta ajiye robar gefe. Ta tashi ta jawo gawayi ta hura, ta ɗauko ragowar ƙullin safe a cikin bokiti. Duk gurabun tandar ta bar su wayam, gurbin nan mai tsaga kaɗai take zuba wa. Ɗaya bayan ɗaya, har shida. Ta malala miya mai zafi, ta rufe da faranti.

"Fadima."

"Na'am, Umma."

"Ɗauki ki kai masa masa. Ki kai masa ƙofar gida, ki janyo ƙyaure." Ta juya baya tana kakkaɓe zaninta. "Suruki ba ya ci a gabana."

Musbahu ya zauna a kan benci a waje, kwano a cinyarsa, turiri na dukan fuskarsa. Ya kai loma ta farko hawaye na zuba, Fadima na tsaye tana dariya tana share nata.

Da Baffa ya zo ƙarshen wata, suna ɗaya Umma ta ba shi. Aka ba manyan Lukman haƙuri cikin mutunci. Lefe ya zo akwati ɗaya maimakon uku, Umma ta ce ba akwati za ta aurar ba.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. A wajen walima masa aka ci da zafinta, kowa ya ƙoshi har da guzuri. Umma ta dafa kan 'yarta ta ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa albarka a tukunyarku, kada Ya nuna muku ranar da za ku ci abu da sanyi saboda idon mutane." Mata suka amsa da amin.

Friday yana nan yana zuwa da kularsa, can Maitama kuma ana nan ana ɗumamawa. Amma mai tabo ba ta sake shiga kular ba. Kullum da safe Umma na ware ta a kwano mai murfi, ta aika wa surukinta, wanda har yau bai taɓa tauna a gabanta ba.