Hannun da Baba Ya Ɗaga

Auta tana tsugune a tsakar gida tana goge takalmin Baba, waya maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, sai ƙyalƙyala dariya take.

"Dogo, don Allah ka bar ni in gama! Baba zai makara."

"Ni ma ai bakin aiki nake. Jin muryarki shi ne sabis ɗin injina."

Daga kicin Mama ta ɗaga murya, "Auta! Takalmin kike gogewa ko wayar?"

Dogo direban motar asibiti ne a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke ƙauyensu, can yankin kwari. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ce ungozomar wurin shekara ashirin da shida. Saura wata biyu aurensa da Auta, kuma iyaye duk sun sa albarka.

Ƙasar tasu haɗaka ce, mutanen tudu da mutanen kwari suka haɗu a inuwa ɗaya. Su Auta 'yan tudu ne, kuma su ne marasa yawa. Sun daɗe suna kukan ana danne su, har aka ba su tasu ƙaramar majalisa mai kula da asibitocinsu da makarantunsu. Mutanen kwari kuwa ba su da irinta, duk abin da ya shafe su a babbar majalisa ake yanke shi, inda wakilan kowa da kowa ke zama. Baba yana cikin wakilan tudu goma sha biyu a can. Ita ma Auta a can take aiki, ita ke buga bayanin zaman majalisa a kwamfuta.

Da Baba ya fito ta ajiye masa takalmin, ta ce, "Baba, yau ne fa za a yi ƙuri'ar rufe ƙananan asibitocin kwari. Har da na su Inna a ciki."

"Na sani."

"To ai dokar ba ta taɓa namu asibitocin ba. Ba sai ka yi shiru ba?"

"Jam'iyya ta ce a ɗaga hannu, Auta. Kuma hannuna ɗaya me zai ƙara, me zai rage? Ɗigo ne a kogi."

Ashe ɗigon ne zai cika tulun. Yawancin wakilan kwari suka ƙi dokar, amma da aka haɗa da hannayen 'yan tudu sai ta wuce, da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Auta ce ta buga sunayen. Da ta zo kan na Baba yatsunta suka ƙi motsi, sai da shugabar ofishinsu ta ce, "Ke, lafiya? Ana jiran fayil ɗin nan fa!" Ta buga sunan mahaifinta da hannunta, hawaye na ɗiga a kan madannai.

Ranar hutu ta hau mota ta tafi ƙauyen. Ta tarar da Inna a ɗakin haihuwa tana sauke sikelin awon jarirai daga ƙugiyarsa, gadaje huɗu an jingine katifunsu a bango. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ba ta juyo ba.

"'Yar nan, in tambaye ki. Asibitin garinku, an rufe shi?"

"A'a, Inna."

"Wakilinmu yana da bakin magana a kan naku?"

"Ba shi da shi, Inna."

"To wa ya aiki babanki ya rufe namu? Ba mu zaɓe shi ba, ba mu da ikon cire shi, matarsa da 'yarsa ba za su taɓa kwanciya a gadon nan ba. Hannunsa bai yi masa nauyi ba?"

Dogo da ke bakin ƙofa ya ce, "Haba Inna, ita meye laifinta? Taifin kawai take yi!"

"Rufe mini baki! Ni dai ba zan haɗa jini da gidan da ya sa wa matan garin nan kwaɗo ba. Maganar aure a ajiye ta."

Auta ta koma gida idanu a kumbure, tana tsammanin Baba zai tausaya. Ina! Shi ma nasa tsohon miki ne ya tashi.

"Yau suka san zafin abin? Kujera ɗari da hamsin gare su, mu goma sha biyu. Shekara nawa suna yanke mana hukunci da yawansu? Lokacin da suka ɗauke makarantar da na yi karatu, wa ya zo ya tambaye mu?"

"Baba, abin da aka yi mana muka yi kuka, shi za mu yi wa wasu?"

"Ke yarinya ce! In ba sa so, mu ma ba tallan ki muke yi ba. Kada in sake jin sunan yaron nan a gidan nan."

Mama ta bi ta ɗaki tana lallashi, "Yi haƙuri, Auta. Tsakanin giwaye biyu, ciyawa sai ta kwanta."

Ta kwanta ɗin kuwa, amma ta rame har zoben da Dogo ya ba ta ya fara zamewa daga yatsarta. Ba ta saɓa wa Baba ba, ba ta kira Dogo ba. Shi ma Dogo, da aka mai da shi aiki babban asibitin birni, ya bi umarnin Inna. Wata biyar ba wanda ya ji muryar wani.

Wata ranar Talata da azahar, Auta na ofis, wayarta ta yi ƙara. Da ta duba, lambar Dogo ce.

"Auta..." Muryarsa kamar ba tasa ba. "Yaya ta rasu."

Yayarsa ce, wadda ke da tsohon ciki. Naƙuda ta zo mata da zubar jini, daga ƙauyen zuwa birni kuwa tafiyar awa biyu ce, ga ruwan sama ya cinye hanya. Dogo ne ya je da motar, shi ya tuƙa, Inna na baya tana riƙe da 'yarta, ba allura ba ƙarin ruwa, sai hannu da addu'a.

"Ta ƙofar asibitinmu muka wuce, Auta! Ina ganin kwaɗon da idona. Minti uku daga gida! Jaririyar ta zo da rai a mota, ita kuwa Yaya... muna hango fitilun birni ta daina amsa wa Inna."

Auta ta sulale ƙasa tsakanin tebura tana kuka, abin tausayi, har abokan aikinta suka taya ta.

A ranar ta durƙusa gaban Baba. "Ban taɓa ƙetare maganarka ba, Baba. Ba wurin Dogo za ni ba, wurin marainiya za ni. Ka yi mini izini." Baba ya gyaɗa kai.

Inna ba ta amsa gaisuwarta ba, amma ba ta kore ta ba. Auta ta ɗaura zani ta wanke tsummokaran jaririya, ta dafa ruwa, ta share tsakar gida. Kowane ƙarshen mako haka, ta zo ta yi aiki ta koma, ba a ce mata sannu ba. Idan Dogo ya shigo sai ta sunkuyar da kai, shi ma ya wuce, kowa zuciyarsa na ciwo.

A mako na bakwai Baba ya ce zai raka ta. Ya shiga gidan ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa gaban Inna. Inna ta daɗe tana kallonsa. Can ta tashi ta ɗauko jaririyar.

"Ranka ya daɗe, da wane hannu ka yi ƙuri'ar?"

Baba ya ɗago na dama.

"To karɓe ta da shi."

Ya karɓa. Yarinyar ba ta da wani nauyi, amma sai da ya tallafa da na hagu. Ta kama babban yatsansa ta riƙe gam. Dattijon da Auta ba ta taɓa ganin hawayensa ba ya fashe da kuka, yana cewa, "Na ce ɗigo ne... wallahi na ce ɗigo ne."

A zaman majalisa na gaba Baba ya miƙe. Ya ce daga yau ba zai sake ɗaga hannu a kan dokar da ba za ta shiga gidan waɗanda suka zaɓe shi ba. Ya nemi a bar wa mutanen kwari maganar asibitocinsu su yanke da kansu, kamar yadda aka bar wa tudu, abin da ya haɗa kowa kuwa a zauna tare, kada mai yawa ya shanye marar yawa. 'Yan jam'iyyarsa suka yi masa ihu, "Maci amana!" Auta ce ta buga jawabin, wannan karon yatsunta ba su tsaya ba.

Jam'iyya ta kore shi, zaɓe na gaba ya faɗi. Amma magana ta riga ta fita, wasu suka ɗauka, bayan shekara biyu aka gyara dokar. Ranar da aka cire kwaɗon asibitin, Inna ta kira Auta ta miƙa mata sikelin nan.

"Rataya shi, ke kika fi ni tsayi." Sai ta ƙara da cewa, a hankali, "Na hora ki da laifin da ba naki ba, 'yata. Ki yafe mini. Ki ce wa babanki ya sa rana."

Aka yi auren ba kiɗa ba taro, don gidan bai manta da Yaya ba. Marainiya tana hannun Auta, Mama take kiranta.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, Auta ta sha nata, sai dai da gishirin hawaye a ciki. Wanda duk aka ba kujera ya yi magana da yawun jama'a, ya tuna cewa zaluncin da aka yi maka ba lasisi ba ne na ka yi wa wani, kuma kafin ka ɗaga hannu ka tambayi kanka a ƙofar wa zai sauka. Har yau idan Dogo ya zo daidai inda ake fara hango birni yakan rage gudu, Auta ta ɗora hannunta a kan nasa har su wuce.