Ɗigon da Muke Gogewa

Dab da magariba na koma ofis don in ƙarasa taswirar kura mai lamba bakwai. Kowa ya tashi, fanka ce kaɗai ke ƙara.

Aikina mai sauƙi ne. Mun ɗaura wa kurayen daji na'ura a wuya, tana aiko mana inda suke ɗigo-ɗigo. Ni kuma in zuba ɗigogin a manhaja, ta zana iyakar yawon kowace. Duk ɗigon da ya faɗo cikin gari gogewa muke yi, mu ce na'ura ta yi shirme. Wace kura ce za ta shigo gari?

Ran nan sauri ya sa na manta ban goge ba. Taswirar ta fito da wani dogon harshe, daga daji har cikin unguwa. Na ja tsaki, na matso da hoton.

Layinmu ne. Ɗigo arba'in da ɗaya, duk da magariba, duk a bayan ɗakinmu.

Ina kallo na arba'in da biyu ya faɗo.

Nan take na kira mahaifiyata a waya. "Inna, ina 'yata?"

"Tana baya, tsohuwar nan na mata kitso."

"Wace tsohuwa?"

"Au, ba ke kike turo ta ba? Kullum sai ta ce daga wajen aikinki take."

Ban san yadda na iso gida ba. Takalmi ɗaya na shiga da shi.

Tun daga ƙofa warin mushe ya tare ni. Kajin Inna sun cure a lungu, ko motsi babu.

A bayan ɗaki wata tsohuwa na tsugune, ta naɗe wuya da mayafi. 'Yata, 'yar shekara huɗu, na zaune tsakanin gwiwoyinta, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa.

Ƙarƙashin mayafin, koren haske na walƙawa. Na'urarmu ce, da hannuna na ɗaura ta.

"Kin auna gidana," in ji ta, can ƙasan maƙoshi. "Ni ma na gama auna naki."

Na fizgo yarinyar. Farce ya karce min damtse, na faɗa ɗaki da baya, Inna ta danna sakata.

Wani abu ya yi ta shinshina ƙasan ƙofa har aka idar da salla a masallaci.

Washegari na ajiye aikin, muka koma gidan kawuna. Har yau tsoro bai sake ni ba. Kitso uku tsohuwar ta samu yi, kuma duk mai kitson da ta taɓa su sai ta janye hannu. Da muka gaji, muka kai yarinyar wajen wanzami ya aske kan tas.

Gashin ya fara tsirowa satin jiya. A kitse yake fitowa, kuma yanzu huɗu ne.