Lambobin da Siddiƙa Ta Ƙi Sauyawa

A ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniya Siddiƙa ta fara ganin Mahdi. Malam Munzali mai kula da injuna ya tare mata hanya yana nuna ƙafarta.

"Ba a shiga da silifas, 'yata. Akwai tafasasshen ruwa a ciki."

Tun daga Sandamu ta taso, ga shi ranar farko ce. Tana tsaye ta rasa abin yi, sai wani dogon saurayi ya zuge jakarsa ya ajiye mata takalmin kambas.

"Na ƙwallo ne, za su yi miki yawa, amma ya fi a rubuta ba ki zo ba. Sunana Mahdi."

Ta saka tana ɓoye murmushi.

A ciki Dakta Haulatu, malamar kwas ɗin zafi da gudanar ruwa, ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Wanda bai karanta gwajin ranar tun daga gida ba, kada ya taɓa mini inji. Abin da ma'auni ya nuna shi za ku rubuta da biro, Malam Munzali ya sa hannu kafin ku fita. Rahoto cikin mako guda. Kuskure ina yafe shi idan kun bayyana dalilinsa. Wanda ya gyara lamba kuwa, sai ya maimaita shekara."

Aka raba su uku-uku. Siddiƙa ta faɗa rukuni ɗaya da Mahdi da Sha'aban, ɗan aminin babanta, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu ba ta ba shi fuska ba.

Mahdi ɗan Mashi ne, babansa fatauci yake da shanu. Tun yana yaro yake kwance injin ban ruwa ya mayar, don haka da kunne yake gane famfo ya shaƙi iska. Ita kuma lissafi ne nata. Yana riƙe da agogo, tana karanta ma'aunin zafi, har suka saba.

Wata Laraba saƙonsa ya shigo: "Injiniyata, na karanta gwajin gobe sau uku, ban riƙe komai ba sai yadda kike ɗaure fuska in kina lissafi."

Ta amsa: "Ɗan Mashi, koma ka karanta na huɗu. Dakta ba ta ba da maki a kan fuskata."

Matsalar ta zo a gwaji na biyar, na bututu biyu da ruwan zafi ke miƙa wa na sanyi ɗuminsa. Abin da suka samu ya yi nisa da na littafi.

"Mu ɗan matsar da lambobin mana," in ji Sha'aban. "Kowa haka yake yi."

"Abin da muka gani shi za mu kai," in ji Siddiƙa.

Bayan mako biyu Dakta ta kira su ofis. Lambobin rahoton sun saɓa da shafin da aka sa wa hannu. Mahdi ne ya buga rahoton a kwamfutarsa, kowa ya sani. Siddiƙa ta dube shi, ya buɗe baki, ta kau da kai.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Malam Abbas, babanta, wanda ya shekara ashirin yana koyarwa a Islamiyya, ya kira ta zaure.

"Wannan ne yaron da Iyarku ta ce yana son turo magabatansa? Wanda ya ci amanar ma'auni, amanar mace zai riƙe? A bar maganar."

"To, Baba," ta ce.

Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba. A na biyar ya rubuto: "Ba zan rantse miki ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Na roƙi Dakta mu sake gwajin a gabanta gobe. Ki zo ki karanta ma'aunin, don na yarda da idonki."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Mai coge ba ya neman a sake awo. Kunya ta kama ta, don ba ta ko tambaye shi ba.

Washegari lambobin suka sake fitowa kamar na farko. Mahdi ya kasa kunne jikin bututun, ya nuna inda abin da aka naɗe shi da shi ya yage, zafi yana zurarewa. Dakta ta gyaɗa kai.

"Wannan bayanin shi nake nema tun farko. Wanda ya san wannan ba ya bukatar ƙarya. To, wa ya kawo mini rahoton ofis?"

Sha'aban ne ya kai. A ƙarshe ya ce shi ya sauya shafin a shagon buga takardu, tsoron faɗuwa ne ya ja shi.

A waje Siddiƙa ta tsaya gaban Mahdi. "Ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Amma kwana huɗun nan sun yi mini tsawo, Injiniyata."

Ita da bakinta ta kai wa babanta labarin, har da nata laifin na saurin zargi. Malam Abbas ya ce, "Ni ma na yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Allah Ya yafe mana. Ki ce ya turo."

Bayan sun kammala karatu aka ɗaura auren a Sandamu, ranar Juma'a. Mutanen Mashi suka cika ƙofar gida da babura. Da za a tafi da amarya, Malam Abbas ya dafa kanta, ya kasa yin doguwar nasihar da ya shirya.

"Ku riƙe gaskiya a tsakaninku," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Iya ta share hawaye da bakin mayafi, gida ya amsa da amin.