Kujeru Uku a Layi na Takwas

Ana gobe za su tashi zuwa Fatakwal bikin Gilbert, ƙanen mijinta, Emilia tana falo tana gugar kayan yara sai mijin nata Kumai ya shigo riƙe da waya, fuskarsa ba walwala. Gidansu ɗaki biyu ne da falo a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, kuma tun shekaranjiya ya ƙara matsewa, domin Mama Milka, mahaifiyar Kumai, ta iso daga Madakiya da ƙullin acca da busasshiyar citta da za ta kai wa sababbin surukanta.

Kumai ya zauna a hannun kujera ya ce akwai 'yar matsala. Tun makon jiya Gilbert ya turo musu tikitin jirgi na mutum biyar, ya kuma ja masa kunne ya shiga waya da wuri ya zaɓi wurin zama, shi kuwa aikin makaranta ya ɗauke masa hankali. Yanzu da ya duba, kujeru uku kaɗai suka rage a jere, a layi na takwas. Sauran biyun a warwatse suke, ɗaya a layi na goma sha tara, ɗaya can baya kusa da banɗaki.

Mama Milka ba ta ko ɗaga kai daga gyaɗar da take ɓarewa ba.

"Ai babu abin tunani a nan," in ji ta. "Ni da kai da Asher mu zauna tare. Ita da 'yarta su ɗauki sauran."

Emilia ta ajiye dutsen guga a hankali. Yemima, 'yar da ake magana a kai, tana kwance a ƙasa tana zanen jirgin sama a bayan tsohon littafi. Shekarunta bakwai. Mahaifinta, marigayi Zamani, ya rasu tana goye, kuma lokacin da Kumai ya zo neman Emilia a Manchok ya faɗa a gaban iyayenta cewa mutum biyu ya zo ɗauka, ba ɗaya ba. Ya cika alkawari. Shi ya fara kai Yemima makaranta, kuma ba ta san wani Dadi ba sai shi. Mama ce dai har yau ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Ba ta dukanta, ba ta zaginta, amma in ta zo daga ƙauye rake ɗaya take riƙowa, ta miƙa wa Asher, ɗan shekara huɗun da Emilia ta haifa wa Kumai.

Emilia ta ce cikin ladabi, "Mama, Yemima yarinya ce. Yaya za ta zauna ita kaɗai a tsakiyar mutanen da ba ta sani ba?"

Mama ta ce ai ba daji za a kai ta ba, jirgi ɗaya ne, ƙofa ɗaya. Kumai ya buɗe baki, ya dubi uwarsa, ya rufe. Wannan shirun ne ya fi yi wa Emilia zafi. Ta kwashi kayan da ta goge ta shige ɗaki, tana rufe ƙofa hawaye suka zubo. Ita kanta ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, kwana uku ke nan ba ta iya cin abinci sosai, ga shi yanzu ana so a ajiye mata 'ya inda ko hannunta ba za ta iya kamawa ba.

Ba a jima ba Kumai ya biyo ta. Ya durƙusa a gabanta ya nuna mata fuskar wayar.

"Emi, duba. Na riga na yi. Ke da yara biyu a layi na takwas. Ni da Mama za mu ɗauki na ɗai-ɗai. Sori da na yi shiru ɗazu, bakina ne ya yi nauyi, amma ban taɓa tunanin barin Yemima ita kaɗai ba."

Ta riƙe hannunsa, zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Sai dai sanyin bai daɗe ba. Da Kumai ya fita ya gaya wa Mama, tsohuwar ta ture faifan gyaɗa ta ce ta fasa tafiyar. Su je su gaya wa Gilbert uwarsa ta koma Madakiya, tunda an sami wadda ta fi ta iko da ɗanta. Kumai ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, ba ta ko dube shi ba.

Emilia ta san abin da zai biyo baya. In aka ɗaura auren Gilbert babu uwarsa, ba wanda zai tuna da maganar kujera. Abin da dangi za su riƙe shi ne matar Kumai ta hana tsohuwa zuwa bikin autanta, kuma maganar za ta bi aurensu har tsufa.

Da la'asar ta ɗauki zanen Mama da ta goge za ta kai mata ɗakin yara. A bakin ƙofa ta ji tsohuwar tana waya da wata ƙawarta ta zumuntar mata, cikin yaren Bajju. Shekara biyar na aure sun koya wa Emilia yaren mijinta daidai gwargwado. Mama tana cewa in ta tafi ba ta dawo ba, a ba coci akuya ɗaya, a raba wa 'ya'yanta gonar citta ba tare da rigima ba. Ta ce tsoro ya kama ta tun ranar da aka ce mata jirgi za su shiga, kunya ce ta hana ta faɗa, kuma ba ta son ta mutu a sama babu nata ko ɗaya a kusa.

Emilia ta koma da zanen ba tare da ta shiga ba. Ta daɗe a tsaye a kicin. Lissafin bai da wuya: ba za a bar yaro shi kaɗai ba, kuma in ana so Mama ta tafi, ita ma ba za a bar ta ita kaɗai ba. Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce hanyar da Emilia ta fi jin tsoro.

Ta kira Kumai ta ce ya sake shiga wayar, ya sa Mama a tsakiya, Asher a jikin taga, Yemima a ɗaya gefen. Su biyun su ɗauki na ɗai-ɗai.

"Kin tabbata? Kin san halin Mama da yarinyar nan."

"Ban tabbata ba," ta ce. "Ka yi kawai kafin in canza ra'ayi."

Sannan ta je ta rusuna a gaban Mama ta roƙe ta ta taimaka ta riƙe musu yara a jirgi, tunda ita ce babba. Ba ta nuna ta ji wayar da Mama ta yi ba. Mama ta kalle ta na ɗan lokaci, ta taɓe baki, ta ce tunda sun nace.

Da asuba suka kama hanyar Abuja ta wajen Kagarko. A filin jirgi Emilia ta ja Yemima gefe, ta cusa mata alewa a aljihu ta ce su tsotsa in kunne ya toshe, ta kuma kula da Kaka.

"Momi, in ta yi mini tsawa fa?"

"Ki yi shiru ki ba ta alewa."

Ta wuce su a layi na takwas ba ta yarda ta waiwaya ba, don kada Yemima ta ga idanunta. Kumai ya matse mata hannu a layi na goma sha tara, ta ƙarasa can baya, tsakanin wani mutum mai barci da wata budurwa mai toshe da kunne. Daga nan ba ta hango komai sai ƙeyar mutane.

Damina ce, kuma hadari ya haɗu a hanya. Ba su yi minti ashirin a sama ba jirgin ya fara girgiza, ma'aikaciya ta sanar kowa ya zauna ya ɗaure bel. Can sai jirgin ya yi ƙasa farat ɗaya kamar an sake shi, wata mata ta ƙwalla kiran sunan Yesu, wani dattijo ya kama salati. Daga gaba yaro ya fashe da kuka. Emilia ta kasa kunne, ta kasa gane ko Asher ne. Ta yunƙura za ta tashi, ma'aikaciyar ta yi mata alama da hannu ta koma. Ta zauna tana zargin kanta. Me ya kai ta? In Mama ta rungume Asher ta juya wa Yemima baya fa? In yarinyar tana can tana kiran Momi babu mai amsa mata? Duk addu'ar da ta iya ta ɓace mata, abin da ya rage a bakinta kawai, "Ubangiji, ka riƙe mini su."

Ba a kashe alamar bel ba har suka sauka Fatakwal. Da aka buɗe ƙofa, sai da ta jira layi kusan ashirin na mutane suka sauke jakunkunansu kafin ta isa gaba. Ta tarar da Kumai tsaye a kansu, ya sa yatsa a baki alamar kada ta yi magana.

Asher yana barcinsa, bakinsa a buɗe, bai san an yi komai ba. Mama Milka kuwa ɗankwalinta ya zame, idanunta a rufe gam, ta riƙe hannun Yemima da hannayenta biyu, leɓɓanta suna motsi.

"Kaka, mun iso," in ji Yemima. "Ki buɗe ido."

Da ƙyar aka ɓamɓare yatsun tsohuwar, har sun bar shaida a hannun yarinyar. A hanyar fita Yemima ta ba uwarta labari. Kaka ta yi kuka, ta kuma yi amai a cikin jakar takarda, ita ce ta riƙe mata. Ta ba ta alewa duka, har da nata rabon. Da jirgi ya yi ƙasa Kaka ta ce ta yi mata waƙa, sai ta yi ta rera mata waƙoƙin makarantar Lahadi, in ta tsaya Kaka ta ce ta sake.

"Ke ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji. Amma in na nuna, wa zai riƙe Kaka?"

Mama ba ta taɓa ba Emilia haƙuri da baki ba. Ba halinta ba ne. Amma washegari bayan ɗaurin aure, da mai hoto ya ce uwar ango ta zo ita da jikokinta, aka tattaro mata yara shida aka jera, sai ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ɗaga hannu.

"Dakata tukuna. Ina Yemima? Ku nemo mini Yemima."

Mai hoto ya ce Mama lokaci yana tafiya, ta ce ya tafi. Haka amarya da ango da dangi duka suka tsaya cikin rana har aka samo yarinyar a bayan coci tana cin cincin. Mama ta goge mata baki da bakin zanenta, ta tsayar da ita a gabanta, ta ɗora mata hannu a kafaɗa.

Emilia ta juya baya don kada a gan ta tana kuka a ranar biki. Kumai ya matso ya tsaya kusa da ita, kafaɗarsa tana taɓa tata.

Da Emilia ta tsaya a kan haƙƙinta, da gaskiya tana gefenta, kuma da ta zauna da 'ya'yanta hankali kwance na awa ɗaya. Amma ta tsaya ta gane cewa taurin kan surukarta tsoro ne a ƙarƙashinsa, ta yi haƙuri, ta ba da kujerarta. Abin da shekara biyar na ladabi da biyayya ba su samo wa 'yarta ba, wannan haƙurin ya samo mata.