Dawar Inna da Furen Rauda

A Tudun Wadan Zariya akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai suna Rauda. Ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai rawar kai. In abu ya faɗo mata a rai, sai ta aikata tukuna, tambaya ta biyo baya. Ga ta kuma da son fure kamar me.

Kakarta, Inna Ishatu, tana da ɗan fili a bayan gida. Ba ta shuka komai a ciki sai dawa. Irin dawar nan daga gonar mahaifinta ta zo da shi tun tana da ƙuruciya. Gonar kuwa tuni ta zama gidaje. Duk shekara Inna takan zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ta sussuke, ta zuba a gora tare da toka.

"Wannan gorar ce kaɗai gadona," Inna takan ce.

Wata rana a ƙarshen damina, Rauda ta raka Babanta ziyara wajen Dutsen Abba. A gefen wata gona ta hango furanni masu ruwan hoda, sun yi shar. Ta cika ɗankwalinta da su, har da waɗanda suka bushe. Da suka dawo gida, ta lallaɓa bayan gida ta kakkaɓe su a filin Inna. 'Ya'yan suka zuba ƙanana kamar ƙura.

"Baɗi zan ba Inna mamaki," ta ce a ranta. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da damina ta zagayo, Inna ta buɗe gora, sai ta tarar ƙwari sun yi ɓarna. Abin da ya rage bai fi cikin hannu biyu ba. Ta yi bisimilla ta shuka shi duka, ko ƙwaya ɗaya ba ta bari ba.

Dawa ta fito kyakkyawa. Amma bayan 'yan makonni sai ta fara ja da baya. Ganyen ya yi rawaya, karan ya ƙi tsawo. Inna ta rasa dalili, ga ruwan sama ana samu.

Ran nan Rauda ta leƙa filin da safe, ta ga furanninta sun buɗe a gindin dawa. Murna ta kama ta. Ta ruga ta jawo hannun kakarta.

"Inna, zo ki ga kwalliyar da na yi miki. Ni na shuka su da hannuna."

Inna ta duba. Sai ta zauna a kan turmi a hankali.

"Rauda, ƙuduji kika shuka mini?"

"Mene ne ƙuduji, Inna?"

"Abin da manomi ke gudu ke nan. Kyan ɗan maciji ne da shi, 'yar nan. Shi ke kashe dawar."

Inna ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗauki bulala ba. Ta dai shiga ɗaki, ta ɗauko gorar da babu komai a ciki ta riƙe. Da ma dukanta ta yi, da ya fi wa Rauda sauƙi. Ranar ko abincin rana Rauda ba ta iya ci ba.

Washegari ta tuge ƙuduji guda ɗaya ta kai wa Malama Suzana, mai koya musu kimiyya. Tana ba da labarin tana hawaye.

"Share hawayenki," Malama ta ce. "Dubi saiwarsa. Kin ga yadda take 'yar ƙarama? Ba ya neman abinci da kansa. A ƙarƙashin ƙasa yakan manne wa saiwar dawa, ya riƙa tsotse ruwanta da abincinta."

"Me dawa ta yi masa, Malama?"

"Ba ta yi masa komai ba. Shi ma rayuwa yake nema. Abinci da ruwa da hasken rana ba sa isar kowa da kowa. Shi ya sa halittu iri daban-daban suke ta gasa a kansu. Haki yana gasa da masara, hankaka yana gasa da shirwa."

"To duk dawar Inna za ta mutu ke nan?"

"Ban sani ba. Ki tuge shi duka kafin ya zubar da 'ya'ya, ki ƙone. Ki zuba taki a gindin dawar. Sannan ki lura da kyau, ko akwai karan da bai yi yaushi ba."

Rauda ta duƙufa. Kullum in ta dawo daga makaranta, sai bayan gida. Yarinyar da ko tsintsiya sai an yi ta kira kafin ta ɗauka, yau ga ta da kwandon kashin awaki a ka. Ta tuge yau, gobe wani ya fito, ta sake tugewa. Hannunta ya yi kanta. Duk da haka yawancin dawar ta ci gaba da bushewa, abin yana ci mata rai.

Wata yamma tana cikin aiki, ta lura da wasu karare a tsakiyar filin. Ƙuduji ya kewaye su kamar sauran, amma su suna nan kore, har sun fara fitar da kai. Ta kira Inna. Ta kuma roƙi Malama Suzana ta biyo ta gidan in za ta koma unguwarsu ta Hanwa.

Malama ta zo, suka gaisa da Inna, ta duba kararen.

"Inna, a da akwai ƙuduji a gonar mahaifinki?"

"Sosai ma. Wata shekarar rabin gonar yake cinyewa. Abin da ya tsira shi muke ajiyewa iri."

Malama ta juya wajen Rauda. "Kin ji amsar. Dawa ba duka ta zama ɗaya ba, kamar yadda ku 'yan aji ba ku zama ɗaya ba. Wata tana da saiwar da ƙuduji ke shan wuya kafin ya kama. Mai rauni takan mutu ba ta bar iri ba. Mai juriya ta rayu, ta haifi masu kama da ita. Shekara da shekaru ana haka, sai irin ya ƙara ƙarfi. Ko babu hannun mutum, haka abin ke gudana a daji."

"Shi ƙudujin fa, Malama?"

"Shi ma wanda ya fi iya kamu shi ke barin 'ya'ya. Gasar ba ta ƙarewa. Baɗi ku shuka gyaɗa a nan, dawar ku kai ta wani wuri. 'Ya'yansa suna daɗewa a ƙasa."

Lokacin girbi ya yi. Zangarniyar da aka samu ba ta cika kwando ba, ko kunu ba a dama da ita ba. Amma ƙwayoyin manya ne, masu nauyi. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta miƙa wa Rauda gorar.

"Ke za ki zuba bana."

"Ni, Inna? Ni da na kusa hallaka ta?"

"Ke kika yi ɓarna, ke kuma kika tsaya kika gyara. Zuba, kada ki manta da toka."

Rauda ta yi ta zubawa har gorar ta cika, ta fi yadda take bara. Daɗi ya rufe ta. Ta toshe bakin da kyau, ta ɗago kai.

"Inna, na ga wani fure ja a hanyar makaranta. Mene ne sunansa?"

Inna ta yi dariya. "Kawo mini ganye ɗaya in gani tukuna."

Tun daga ranar Rauda ta gane cewa ba duk abu mai kyau a ido ne alheri ba, kuma mai tambaya ba ya ɓata. Wanda ya yi kuskure kuwa, ya tsaya ya gyara.