Yadda Ta Shiga Haka Ta Fita

Ranar da Zubaidatu ta je duba bangon littafinta na farko a wani shagon ɗab'i da ke Sabon Gari, mai zanen, Abdulrahim, ya juyo mata da kwamfuta yana murmushi. Hoton wata farar budurwa ne, doguwa, hanci kamar biro, gashi har gadon baya.

"Wace ce wannan?" ta tambaya a hankali.

"Tauraruwar labarinki mana, Asabe."

"Malam, ka karanta littafin kuwa?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban karanta ba. Marubuta duk irin wannan suke so."

"Asabe baƙa ce, gajera, mai jiki."

"To ai na san sauran. A shafi na ɗari za a kai ta Dubai, ta dawo fara sol, mijin ma ya kasa gane ta."

"Tawa ba ta zuwa ko'ina. Yadda ta shiga littafin haka ta fita."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau, ya gane kanta ta siffanta. Cikin kunya ya juyar da kwamfutarsa.

Bayan kwana uku saƙonsa ya shigo wayarta:

"Na karanta, har sau biyu. Me ya sa kullum Asabe take tsayawa a baya in ana ɗaukar hoto?"

Ta amsa: "Can ake tura mu."

"Ki ba ni izini in zo Samaru in gaishe da Baba."

Haka aka fara. Duk Juma'a da yamma yakan zo da gyaɗa soyayya a ƙulle, su zauna a zaure. Ita ba mai yawan magana ba ce, shi kuma bakinsa ba ya hutawa. "Marubuciyata" yake ce mata, ita kuwa "Malam Bango" ta laƙaba masa, sunan ya bi shi.

Mahaifiyarsa, Hajiya, ba ta so ba. "Duk 'yan matan unguwarmu ta Jushi ka rasa wadda za ka ɗauko? Ga 'yar ƙanwata Halimatussa'adiya, kamar ita ta yi kanta." Ya yi ta lallashi wata biyar kafin ta saki, aka sa rana.

Saura wata guda biki, yayarsa ta zo Samaru da leda. Kwalaben man bilicin ne uku da sabulu.

"Angonki ne ya ce a kawo. Safe da yamma za ki shafa, kafin ranar kin washe. Kar ki ba mu kunya a hoto, ƙanwata."

Bayan ta tafi, Zubaidatu ta buɗe kwalba ɗaya, ta lakato a yatsa, ta tsaya gaban madubi. Wata guda kawai, kowa ya huta da magana. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta goge yatsan a jikin ledar, ta ɗauki waya:

"Ashe kai ma shafi na ɗari kake jira. In fara kake so, ga Halimatussa'adiya nan, lokaci bai ƙure ba. Ka aiko a ɗauki kayanka."

Ta kashe wayar.

Ko la'asar ba a yi ba ya iso a keke napep, da kwali a kafaɗa, yana haki.

"Wallahi ban san da wani mai ba. Aikin Hajiya ne da Yaya. Buɗe wannan."

Ta ƙi. Ya yage kwalin da kansa, ya miƙa mata littafi ɗaya. Ga Asabe a bango, baƙa, gajera, tana dariya da wushiryar Zubaidatu sak, a tsakiyar hoto, ƙawayenta na bayanta.

"Tun kafin a sa rana na zana shi, Marubuciyata. Kuma na faɗa wa Hajiya, in aka kawo mini amarya da wata kala, zan ce ba ita na biya wa sadaki ba."

Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Kai dai Malam Bango, Allah Ya shirye ka."

Ya koma da ledar a hannunsa.

An ɗaura aure ranar Asabar bayan azahar. Lalle kawai aka yi wa amarya. Da aka kai ta gaban Hajiya aka buɗe mata fuska, kowa ya zuba ido. Hajiya ta kalle ta, ta sake kallonta.

"Ke ce kika sa ɗana ya karanta littafi har ƙarshe? Tun yana firamare na kasa." Ta kamo hannunta. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Mata suka rangaɗa guɗa. Da mai hoto ya ce a jeru, Zubaidatu ta fara ja da baya kamar yadda ta saba. Hajiya ta riƙe mata mayafi.

"Ina za ki? Dawo nan tsakiya."