Motar da ke Bayan Tsere

A kwana ta bakwai ta titin hawan dutse, ana tsakiyar tseren keke, ƙafafun Auta suka ce ba su san zancen ba. Ta jingine keken a ƙarfen bakin titi, ta zauna tana kuka. Sauran 'yan tseren duk sun wuce, ba abin da ya rage a bayanta sai farar motar da ke kwashe waɗanda suka gaza.

Direban ya sauko, dogo, mai sanyin magana. Ya cire lambar bayan rigarta kamar yadda doka ta ce, ya ɗora keken a saman mota.

"Shigo gaba, ya fi iska," ya ce. "Ni ba na kallon mai kuka, titi nake kallo."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Daga nan aka fara.

Yana kiranta Kunkuruna, ita kuma Mai Kwasa. Duk jajibirin tsere sai saƙonsa ya shigo: "Kunkuruna, na bi hanyar yau, an cike ramin kwana ta huɗu. Ki ci abinci. Ina bayanki, amma ba na son ganinki a motata."

Sau biyu yana zuwa shagon Baba, mahaifinta, neman aurenta, sau biyu ana sallamarsa.

"Mutumin da abincinsa faɗuwar wasu?" in ji Baba. "Ga likitan ƙungiyarku yana sonki, Auta, ki yi wa kanki faɗa."

A shekara ta biyu gwiwarta ta dama ta fara ciwo. Likitan ya ce ƙashi na gugar ƙashi. Ta roƙe shi ya rufa mata asiri zuwa bayan tseren bana, ta kuma gaya wa Mai Kwasa. Ba a yi mako ba maganar ta kai kunnen Baba, ya hana ta hawa.

"Ki tambayi direbanki," likitan ya ce. "Jiya na gan shi a shagon Baba."

Ta rubuta wa Mai Kwasa: "Na ba ka amana ka kai ni ƙara. Kar ka sake kirana." Ya kira har ya gaji, ba ta ɗaga ba.

Ranar tsere ta fita ba da sanin Baba ba. Hawan kilomita goma sha ɗaya ne, babu gangara ko ta taki ɗaya. Tun a na huɗu aka bar ta a baya. Ta sauke giyar keken har ta ƙare, ta miƙe tsaye a kan feda, keken yana tangaɗi. Gumi na shiga idonta, bakinta ɗanɗanon jini. Duk takawa ɗaya sai ta ji kamar ana buga mata ƙusa a gwiwa. 'Yan kallo sun fara saukowa da kujerunsu, suna kauce mata cikin tausayi.

A bayanta injin farar motar na gurnani a hankali. Ta ji rediyon motar yana cewa, "Lokaci ya ƙare, ɗauke ta." Aka maimaita sau uku. Motar ba ta sha gabanta ba.

Ta ga allon da ke cewa saura kilomita biyu. Nan gwiwar ta yi ƙara, ta kife.

Mai Kwasa ya sauko da gudu ya ɗago ta.

"Ban kai ba," ta ce.

"Na gani, Kunkuruna."

A asibiti aka ce ita da keke har abada, tafiya ma sai da sanda. Ta juya fuska bango. Shi kuma an kore shi daga aiki saboda ƙin bin umarni. Kullum yana kan bencin ƙofar ɗakinta.

Tana kwance ta jiyo muryar Baba a waje yana tambayar Mai Kwasa.

"Me ya hana ka ɗauke ta tun ƙafar na da sauran amfani?"

"Baba, na san hawanta na ƙarshe ne, na kasa raba ta da shi. Laifin nawa ne, kuma ban san yadda zan biya ba."

Baba ya shigo ya zauna a gefen gado, ya daɗe yana murza hularsa.

"Likita ne ya gaya mini zancen gwiwarki," ya ce. "Yaron nan da ya gani a shagona, aurenki ya zo nema karo na uku. Likitan kuwa tun da ya ji batun sanda ban sake ganinsa ba."

Ta lalubo waya ta rubuta wa Mai Kwasa: "Na zalunce ka. Yanzu ba ni da komai, gurguwa ce."

Amsa ta zo daga bayan ƙofa: "Ni ma ba ni da aiki. In shigo?"

Bayan wata biyar aka ɗaura musu aure. Ta fito tana dogara sanda, har yanzu in ta ji ƙarar sarƙar keke sai idonta ya kawo ruwa. Baba ya kama hannunta ya sa a na ango.

"Ga ta nan, ɗana, na daɗe ina hana ka. Allah ya yi muku albarka, ya sauƙaƙa muku abin da ke gaba."

"Amin, Baba," suka ce tare.